Gwangwanin Wutar Iya

A Unguwar Rimi ta Kaduna na tashi, a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen gwamnati da ake ba ma'aikata. Babanmu akawu ne a wata ma'aikata. Mu yara mun ɗauka gidan namu ne, amma shi bai taɓa mantawa da cewa aronsa aka ba shi ba, ko ƙusa ba ya bari a kafa a bango. Akwai kicin a ciki har da risho, sai dai Iya, mahaifiyar Baba, tun ranar da aka ɗauko ta daga ƙauyensu na ƙasar Zazzau ta ce ita ba za ta ci tuwon da ke warin mota ba. Ta zagaya bayan gida, ƙarƙashin wani mangwaro, ta jera duwatsu ta kafa murhunta. A gindin mangwaron nan muka yi rabin yarintarmu, ni da ƙannena biyu da yayanmu Nasiru.

Iya tana da wata hanya ta tayar da wutar hira wadda ban ga kowa yana yi a unguwarmu ba. Wani tsohon gwangwanin madara gare ta, an huhhuda shi da ƙusa, an ɗaura masa doguwar waya. Da an idar da sallar magariba sai ta cika shi da gawayi, ta tono garwashi guda daga tokar murhu ta ɗora a kai, ta koma tsakiyar fili ta ce mu ja baya. Daga nan sai ta shiga wulwula shi. Da fari ba ka ganin komai sai hannunta. Can sai iska ta shiga hudojin, gawayin ya kama, ka ga jan zobe na wuta yana kewaya tsohuwa a cikin duhun magariba, tartsatsi na zuba. Katangarmu gajera ce, don haka duk wanda ya shawo kwanar layinmu yana hango shi. In ya kama sosai sai ta juye a kasko, ta ɗora masara ko gyaɗa, ta miƙe ƙafafu.

"To, ga baƙuwa ta iso," in ji ta, "wa zai ba ta wurin zama?"

Mu kuma mu ce, "Ta zauna, mun shimfiɗa mata."

Haka take buɗe tatsuniya. Ta yi mana ta kura da dila, ta yi mana ta 'yan mata da dodon kogi, wasu har mun haddace muna gyara mata in ta tsallake wuri. Ni Takwara take kirana, don sunanta aka sa mini. Yaya Nasiru kuwa maigidanta ne a wasan jika da kaka, kullum tana masa gorin bai kawo cefane ba, shi kuma yana cewa sai ta yi sababbin haƙora tukuna. Shi ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka Mama ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi hira, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. In tana son magana a kansa sai ta ce "yaron Iya". Na Iya ne kuwa, a bayanta ya girma.

Ina tsakiyar firamare lokacin da shi yake shekararsa ta ƙarshe a sakandare, kuma a shekarar ne ya kamu da son ilimin taurari. Muna sauraron tatsuniya, shi yana kwance rigingine a kan tabarma idonsa a sama. Wata rana Iya tana cikin wulwulawa sai wayar ta tsinke a inda tsatsa ta ci. Gwangwanin ya bar hannunta ya tafi kamar an harba shi, ya daki katanga, garwashi ya watse. Mu muka tarwatse, Iya tana salati, shi kuwa Yaya ya miƙe zaune yana dariya.

"Kun ga yadda ya tafi? Bai ci gaba da zagaye ba, miƙewa ya yi sambal. Iya, abin da malaminmu ya daɗe yana fama ya sa a kanmu ke nan, ga shi kin yi shi da gwangwanin madara."

"Na kusa ƙona gidan gwamnati kana mini dariya," in ji Iya. "Tashi ka ɗauko tsintsiya."

Bai ɗauko ba, ni na ɗauko. Shi zama ya gyara ya karɓe hirar. Ya ce tun zamanin da akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan soraye suna kallon sama, a ƙasashen Larabawa da Farisa da Hindu da sauransu. Sun lura taurari duk tare suke tafiya, ba mai wuce wani, in ban da wasu 'yan kaɗan da ba sa tsayawa a matsayinsu. Yau ka ga ɗaya a nan, bayan wata guda ka gan shi can, wani lokaci ma ya yi kamar ya koma da baya. Suna aunawa suna rubutawa, wannan ya mutu wancan ya ɗora, ba su san dalili ba. Sai daga baya aka gano ashe waɗannan duniyoyi ne irin tamu, kuma dukkanmu rana muke kewayawa. Ya ce har an taɓa tsare wani tsoho a gidansa sai da ya mutu, don ya ce ƙasa tana tafiya. Kowace duniya, in ji shi, so take ta miƙe ta yi gaba abinta, rana kuma tana jawo ta, ba wanda ya rinjayi wani, shi ya sa ake ta zagaye.

Iya tana ɓare gyaɗa tana saurare. Ta ce, "To ni ce ke riƙe da tawa wayar. Tasu fa, wa ke riƙe da ita?"

"Rana, Iya."

"Wayar kuma wa ya gan ta?"

"Ba wanda ya gan ta. Lissafi ne ya nuna tana nan."

"Allah mai iko," in ji ta. Ta miƙa masa gyaɗar da ta ɓare, ta ce gobe ya nemo mata sabuwar waya, tun da shi ne ya ji daɗin tsinkewar tsohuwar. Ya nemo kuwa, ya ɗaura da hannunsa, ya murɗa bakinta sosai don kada ta yanke ta.

Bayan ya gama sakandare ya samu shiga babbar makaranta a Zariya. Bai daɗe can ba abokan karatunsa suka dawo mana da shi a mota. Da na gan shi ban ga ciwo ba, har na ruga na karɓi jakarsa. Sai da aka kwana biyu na gane. Ba ya barci. Yana magana shi kaɗai, ya yi tambaya ya ba kansa amsa. In ka kira shi sai ya dube ka kamar yana ƙoƙarin tuna inda ya san ka. An kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyin da suka sa wuyansa ya sandare, yana yini a kwance. An kai shi wurin malamai, ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi. Kowanne sai a ga kamar an samu sauƙi, sai abu ya dawo.

A ƙarshe abin da ya rage masa shi ne tafiya. Da sassafe ya fita a ƙafa, ba ya cewa ina za shi. Wannan ya ce ya gan shi a tashar Kawo, wancan ya ce a bakin kogi, wani ya ce a hanyar Malali. Ba ya taɓa kowa, ba ya roƙo, tafiya kawai yake yi. Amma da magariba ta yi, Iya ta fara wulwula gwangwaninta, sai mu ji ƙarar ƙofar langa-langa. Ya shigo ƙafafu buɗu-buɗu ya zauna a inda ya saba.

"Maigida, ina cefane?" in ji Iya, kamar ba abin da ya canza.

Shi kuma ya ce, "Na hango wutarki tun daga kwana, Iya."

Wata rana iyakar maganarsa ke nan. Ta ishe mu. Mama sai ta turo ni da kwanon tuwo a rufe, ba ta ce na wane ne ba.

Ranar da ya dawo da jini a goshi, rigarsa a yage, wai babur ne ya buge shi, ranar ce hankalin Baba ya tashi na gaske. Ƙaninsa, Baffa Idi, ya zo washegari ya ce a sa masa mari, wato ƙarfen da ake ɗaure wa masu taɓin hankali a ƙafa, kafin babbar mota ta gama da shi. Iya ta ce a'a. Baba ya durƙusa a gabanta ya ce, "Iya, in aka kawo mini gawarsa fa? Me zan ce wa Allah?" Sai Iya ta ƙyale shi. Ban taɓa ganin laifin Baba ba a kan wannan, mutum ne da tsoro ya cika masa ciki. Aka kira maƙeri, aka sa Yaya a ɗan ɗakin ajiya na bayan gida, wanda tagarsa ke kallon mangwaro.

Ranar farko ya yi ta ja har idon ƙafarsa ya fashe. Muna jin ƙarar ƙarfe muna toshe kunne. Daga nan kuma sai ya daina, abin da ya fi na farkon muni. Ya daina ci, ya daina magana ko da shi kaɗai, ya zuba wa bango ido. Kwanon da na kai da safe shi nake ɗaukowa da yamma. Mama ta rame a tsaye, ba ta ce komai ba, don al'ada ba ta ba ta bakin cewa ba.

A cikin waɗannan kwanakin ne, wata magariba, Iya ta tayar da wutarta kamar kullum, amma maimakon ta ajiye kasko a inda muka saba, sai ta jawo shi kusa da tagar ɗakin ajiya. Baba yana zaune a kan buzunsa can gefe da rediyo a kashe. Ta ce baƙuwa ta iso, muka ce ta zauna. Sai ta kawo wata da ba mu taɓa ji ba.

A wani gari, in ji ta, an yi wani mutum ana ce masa Bawa Mai-kallon-sama. Ba ya noma, ba ya fatauci. Aikinsa shi ne ya hau kan dutsen bayan gari ya zauna ya lura da taurari. Shi ke gaya wa manoma lokacin shuka ya yi, shi ke gaya wa fatake su ɗaura kaya. Ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki, ya san kowanne da inda yake fitowa da inda yake faɗawa. Duk tare suke tafiya kamar garken shanu, sai wani ɗan jan tauraro guda wanda ba ya bin garke. Yau yana gabas, gobe ya gusa, wata rana ya juya baya kamar ya manta wani abu a gida. Wani lokaci ya ɓace ƙwaf, sai an fid da rai ya sake bayyana. Bawa ya fi son wannan tauraron a kan duk sauran, kuma son nan ne ya hana shi sukuni. Kullum yana cewa, wata rana zai tafi ke nan.

Sai ya shuka rama, ya yanke, ya jiƙa, ya yi ta tufka igiya har gashin kansa ya yi fari. Da ta kai tsawon da yake so ya hau dutse ya jefa zarge, ya kama wuyan jan tauraron, ya ɗaure a gindin wata tsamiya. Ya ce yau dai zan yi barci. Tauraro ya ja, ya ja, igiya ba ta tsinke ba, don Bawa ya iya tufka. Da ya gaji sai ya tsaya cik. Jansa ya fara dusashewa. Wata safiya Bawa ya fito ya tarar da igiya a yashe a ƙasa, a bakinta ga wani baƙin dutse mai sanyi.

Ya ɗauki dutsen ya bi duniya yana kuka yana neman wanda zai tayar masa da shi. Har ya isa tsakiyar sama, ya tarar da wata tsohuwa zaune tana hura wuta. A nan Iya ta sauya murya, ta ƙara ɗaga ta kaɗan.

"Ta ce masa, kai ɗan nan, wa ya gaya maka ba a ɗaure yake ba? Ai duk a ɗaure suke. Igiyarsu tana hannuna, ido ne ba ya ganinta. Ni ba na ja, ba na saki. Aikina in zauna wuri ɗaya, kada wutar nan ta mutu. Su tafi iyakar tafiyarsu, in sanyi ya kama su za su waiwayo su hango ni. Amma ranar da na gusa daga nan, kowa zai miƙe ya yi gaba, ba mai juyowa."

Bawa ya ce to yanzu yaya zai yi da nasa? Tsohuwa ta ce ita hura wuta ta iya, ba ta iya tayar da dutse ba.

Iya ta tsaya a nan, ta koma juya masara. Ƙaramin ƙanena ya ce, "Sai me ya faru, Iya?"

"Ba abin da ya faru. Ya ɗauki dutsensa ya koma gida." Sannan ta ce, "Baƙuwa ta tashi, ku naɗe tabarma."

Ba wanda ya motsa. Sai muka ji murya daga cikin taga, a dishe, kamar ta wanda ya daɗe bai sha ruwa ba.

"Rana ce, Iya. Tsohuwar nan rana ce."

"Kai ka sani, maigida," in ji Iya, ba ta waiwaya ba. "Ni tatsuniya na yi."

Sai Baba ya tashi ya shiga gida, ya fito da guduma da kurfi, ya nufi ɗakin ajiya. Muna jin bugun ƙarfe. Bai jira maƙeri ba. A daren Yaya ya ci masara biyu a gefen kasko, Iya tana shafa masa man kaɗanya a idon ƙafa.

Da ƙafar ta warke ya koma tafiyarsa, ba wanda ya sake hana shi. Sai dai zagayen nasa ya riƙa faɗi. Da yini yake yi, ya koma kwana. Daga kwana ya koma kwanaki, daga nan sai a yi mako ba a gan shi ba. Wani direba ya ce ya wuce shi a hanyar Birnin Gwari, wani ya ce a Jaji. Amma yana dawowa, kuma bai taɓa dawowa da rana tsaka ba, kullum sai da magariba. Saboda haka Iya ba ta fasa tayar da wuta ko sau ɗaya ba. Ko ruwa ake yi sai ta yafa buhu ta fita ta wulwula, gawayin yana tsuwa yana hayaƙi. In ba ta da lafiya ta ce a riƙe ta ta tsaya. Mu kuma mu zauna muna jin tatsuniya da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen ƙofa.

Zamanin ne da ake ta rage ma'aikata. Wata rana Baba ya dawo tun kafin azahar, ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Sallamar ta biyo ta kansa. Aka ba mu ɗan lokaci mu bar gidan, don wanda aka ba shi yana can yana jira da iyalinsa a raɓe a gidan 'yan'uwa. A lokacin Yaya ya fita, kuma wannan ce fitar da ta fi kowace daɗewa. Baba ya je ofis ya roƙa, aka ƙara masa kwanaki, suka ƙare. Ya sake komawa, aka ba shi haƙuri. Ya bi tashoshi yana tambaya, ba labari.

"Ku tafi," in ji Iya. "Ni ku bar ni a gindin mangwaro. Buhu ya ishe ni."

Baba ya ce, "Iya, mangwaron ma na gwamnati ne."

Muka samu ɗakuna biyu na haya a Kurmin Mashi. Ranar tashi aka loda kaya a a-kori-kura, Iya ta hau gaba da gwangwaninta a kan cinya. Mama ce ta ƙarshen fitowa. Ta ja ƙofar langa-langa, ta tsaya ta dubi layin ta wannan gefe, ta duba ta wancan. Ina kusa da ita riƙe da buta. Sai na ji ta ce, "Nasiru." Ba da ƙarfi ba, kamar dai yana tsaye a bayan katanga. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ta gyara mayafinta ta hau mota.

Iya ba ta haƙura ba. Kullum bayan la'asar sai ta ce, "Takwara, ɗauko gawayi." Mu hau bas, mu sauka mu ƙarasa a ƙafa, ta tsaya a bakin titi a wajen tsohuwar katangarmu ta wulwula gwangwaninta, masu wucewa suna kallonmu. Waɗanda suka shiga gidan mutanen kirki ne, Kiristoci daga kudancin jiha. Matar gidan da ta ji labari ta fito mana da benci da ruwa, ta ce in ya zo za ta zaunar da shi ta aika a kira mu. Mun kuma gaya wa Malam Audu, mai shayin da ke kwanar layin, wanda ya san Yaya tun yana yaro. Kowa ya ce in sha Allahu.

Damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kwantar da Iya, ƙafafunta suka kumbura. Baba ya karɓi gwangwanin. Na raka shi sau da yawa, na ga babban mutum da tsohuwar rigarsa ta zuwa ofis yana wulwula gwangwanin madara a bakin titi, bai ma iya ba, gawayi yana zubo masa a kafaɗa. Sai ya samu ɗan aiki a wani shagon kayan mota a Kawo, inda ba a tashi sai bayan isha'i. Akwai bakuna a gida da ke jiran abinci. Ni kuma yarinya ce, ba a bari in je ni kaɗai. Aka ce bari Iya ta ɗan ji sauƙi, kwana nawa ne.

A cikin kwanakin nan Yaya ya zo. Mutanen da suka shiga tsohon gidanmu sun tafi garinsu jana'iza, ƙofa a kulle. Malam Audu ne ya biyo mu har Kurmin Mashi washegari da safe, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Iya ya kasa ɗaga kai.

"Ya zo, Iya. Da magariba. Ya rame, amma shi ne. Ya zauna ya jingina da katanga yana kallon mangwaron. Na haɗa masa shayi na kai masa, bai sha ba. Ya ce mini, Malam, an kashe wutar ne? Na ce a'a, tashi kuka yi, ya jira in rufe teburina in kawo shi wurinku. Na juya in sallami mutum biyu da ke kan benci. Da na waiwayo ya miƙe ya kama hanya. Na bi shi ina kira, wallahi ko juyowa bai yi ba. Da na kai babban titi ban san ta inda ya bi ba."

Iya ta dubi gwangwanin, yana rataye a ƙusa a bangon ɗakin. Sai ta ce, "Wannan ya kamata mu bar maka, Audu. Ai kowane hannu yana iya juya shi." Ba wanda ya yi wannan tunanin a cikinmu. Mun ɗauka gwangwanin na Iya ne, inda take nan yake.

An kai masa shi a ranar. Malam Audu ya wulwula shi kowace magariba har damina ta wuce, har aka shiga wata. Baba ya bi hanyar Zariya, ya kai Kano, ya shiga asibitoci da tashoshi da kasuwanni. Bai samu ko wanda zai ce ya ga mai kama da shi ba. Iya ta tashi daga ciwon amma ba ta koma daidai ba. Takan yi mana tatsuniya a ƙofar ɗaki in mun matsa mata, ta kura da dila, a gajarce. Ta Bawa kuwa ba ta sake yin ta ba har ta rasu, ba mu kuma tambaya ba.

Yanzu ni malama ce, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a nan Kaduna. Na tambayi tsofaffi da yawa, ban samu wadda ta san tatsuniyar Bawa Mai-kallon-sama ba. Na fi zaton a ranar Iya ta ɗinka ta, da abin da ta ji daga bakin jikanta a daren da waya ta tsinke, don ta faɗa wa ɗanta abin da ba zai ji ba in ta faɗa kai tsaye. Da ina yarinya na ɗauka darasinta shi ne kada a ɗaure abin da ake so. Da na girma kaɗan na ce a'a, darasin shi ne kada mai riƙe da wuta ya gusa. Yanzu kuwa ban san abin da zan ce ba. Baba ya ɗaure saboda tsoro, ya kwance saboda tausayi, ɗan kuma ya tafi duk da haka. Da ya bar marin, watakila da yana nan a wani ɗaki, ban san a wane hali ba. Mu kuma ba mu gusa don muna so ba. Tsohuwar cikin tatsuniya ba a gidan gwamnati take zaune ba, ba wanda zai zo ya ce mata ta tashi.

Kowace shekara sai mun zo kan darasin duniyoyi da rana. Nakan ɗaura ƙwallo a igiya in wulwula a gaban aji, in ba su labarin mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan soraye suna aunawa. Littafi ya ce malami ya saki igiyar don ɗalibai su ga yadda ƙwallon zai miƙe. Ni ban taɓa saki ba, da baki nake gaya musu. Kuma kusan kowace shekara sai an samu yarinyar da za ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in ya miƙe ɗin, ina zai tsaya?" Sai in ce mata in ba abin da ya tare shi ba zai tsaya ba, in juya in goge allo.

An sare mangwaron tuntuni, an ɗaga katangar, an sa mata waya mai ƙaya. Malam Audu kafin ya koma garinsu ya kawo mini gwangwanin, da wayar da Yaya ya murɗa da hannunsa. Yana nan a ɗakina. 'Ya'yana sun sha roƙona in nuna musu yadda ake yi, na kasa. In na tayar da wutar a tsakar gidana, na san zan zauna ina sauraron ƙofa, alhali ba wannan gidan Yaya ya sani ba.